Tikal ko Cicen Itza: da wane birnin Maya ya kamata ka fara?

Wani ƙanina da ke karatu a Amurka ya kira ni kwanakin baya. Ya ce, "Yaya, na samu hutun kwana biyar da ɗan guzuri, ina so in je in ga tsofaffin biranen Maya. Kuɗina ba za su kai ni wuri biyu ba. Tikal zan je ko Cicen Itza?" Na ce ya ba ni dare ɗaya, domin tambayar ta fi ƙarfin amsar waya. Abin da na rubuta masa ne na faɗaɗa a nan, don na ga zai amfani har wanda ba shi da niyyar hawa jirgi, kamar malamin tarihi da ke son ɗaukar birni ɗaya ya koyar da shi sosai, ko ɗalibi mai neman inda zai kafa bincikensa.

Maya ba su taɓa zama ƙarƙashin sarki ɗaya ba. Birane ne barjat a kudancin Meksiko da Gwatamala da Beliz da yammacin Honduras da El Salbado, kowane da sarkinsa, suna auratayya, suna ciniki, suna kai wa juna yaƙi, kusan yadda Kano da Katsina da Zazzau da Gobir suka zauna da juna kafin ƙarni na 19. Saboda haka in ka zaɓi birni, ka zaɓi zamani da yanki ke nan. Tikal tana cikin kurmin Peten a arewacin Gwatamala. Dutsenta mai rubutu mafi tsufa yana ɗauke da shekarar 292, na ƙarshe kuma 869. Cicen Itza, wadda a taswira za ka ga an rubuta Chichén Itzá, tana arewacin Yukatan a Meksiko, kuma tauraronta ya haska ne a ƙarni na 9 da na 10, daidai lokacin da Tikal da maƙwabtanta na kudu suke watsewa.

Ni in ana maganar birni, tambayata ta farko ita ce: daga ina mutanensa suke shan ruwa? A nan ne biranen biyu suka fi rabuwa. Ƙasar yankin duk dutsen farar ƙasa ce mai ramuka, ruwan sama na sauka sai ya tsotse. A arewacin Yukatan kusan babu kogin da ke gudana a bayan ƙasa. Ruwan ta ƙarƙashi yake bi, kuma inda rufin dutsen ya rufta sai a samu ƙatuwar rijiya wadda ba hannun mutum ya haƙa ba, ana kiranta senote. Sunan Cicen Itza ma fassararsa "bakin rijiyar Itza", Itza kuwa sunan wata al'umma ce ta Maya. Birnin yana da manyan rijiyoyi biyu irin waɗannan, ɗaya ta sha, ɗaya ta bauta mai faɗin kusan mita 60. A 2015 masu bincike na babbar jami'ar Meksiko suka gano cewa akwai wani kogon ruwan a ƙarƙashin babbar dalar kanta. Cicen Itza dai a kan ruwa take zaune.

Tikal kuwa ba kogi, ba rijiyar da za a dogara da ita, ga rani na watanni huɗu zuwa biyar, ga dubun dubatar mutane. Yadda suka yi da wannan matsala shi ne abin da ya fi kama zuciyata a duk tarihin Maya. Sun daɓe filayen tsakiyar gari da hanyoyinsu da farar ƙasa, suka ɗan karkatar da su ta yadda duk ɗigon da ya sauka zai gangara wuri ɗaya. Ramukan da suka fasa dutsen gini a ciki suka liƙe su da yumɓu, suka zama tafkuna. Wanda ya tashi a tsohon birnin Kano ko Zariya ya san kududdufi: inda aka ɗebi ƙasar gina gida nan ne ruwan damina ke taruwa. Mutanen Tikal sun ɗauki wannan dabara suka mai da ita tsarin gari guda. Akwai madatsa a kusa da fada mai tsawon kusan mita 80 da tsayin kusan mita 10, tana tare lita wajen miliyan 75, samanta kuma hanya ce da ake bi a ƙafa. A wani tafkin da ake kira Corriental, binciken da masanan Jami'ar Cincinnati suka fitar a 2020 ya nuna an zuba yashi mai ƙyalli da wani ma'adini mai tace ƙazanta, waɗanda aka ɗauko daga nisan kusan kilomita 30. A kai aka ɗauko su ko a baya, domin Maya ba su da jaki, ba doki, ba amalanke. Kaya a baya ake goya shi, a rataya igiyarsa a goshi.

Labarin yana da ɓangare mai ban tausayi. Jan fentin da suke shafa wa gine-ginen fada da gawarwakin manya yana ɗauke da zaiba. Ruwan sama ya riƙa wanke shi yana zubawa a tafkunan tsakiyar gari, kuma a ƙarnin ƙarshe na birnin wata gansakuka mai guba ta mamaye su. Ga fari da ya riƙa zuwa yana komawa a ƙarni na 9, ga yaƙe-yaƙe. Sarkin da ikonsa ya rataya a kan cewa shi ke tsakanin mutane da ruwa, in tafkinsa ya ƙafe ko ya gurɓata, da me zai riƙe jama'a? Wanda yake son ya fahimci yadda birni ke rayuwa da yadda yake mutuwa zai samu darasin a Tikal tun daga farkonsa har ƙarshe.

Abu na biyu shi ne rubutu. Maya suna da rubutu na gaskiya, wata alamar tana tsaya wa kalma, wata gaɓa, kuma suna lissafi da ashirin-ashirin, ɗigo ɗaya ne, sanda biyar, ga alamar sifili. Wani masani ɗan Rasha, Yuri Knorozov, shi ya buɗe ƙofar karanta gaɓoɓin a 1952, sannan a 1960 Tatiana Proskouriakoff ta nuna cewa abin da ke jikin duwatsun tarihin sarakuna ne, haihuwarsu da naɗinsu da mutuwarsu. Yau ana karanta mafi yawansa, kuma Tikal na cikin biranen da suka fi cin gajiyar wannan. Mun san asalin sunanta Mutal. Mun san a watan Janairu na 378 wani mai suna Siyaj K'ak', wanda ke da alaƙa da babban birnin Teotihuacan na tsakiyar Meksiko, ya iso garin, kuma a ranar ce sarki Chak Tok Ich'aak ya mutu. Mun san an ci Tikal da yaƙi a 562, ta yi sama da shekara ɗari ba ta kafa dutsen tarihi ba, har zuwa zamanin sarki Jasaw Chan K'awiil, wanda ya karya babbar abokiyar gabarta Kalakmul a 695. Dalar nan mai tsayin mita 47 da ake gani a kowane hoton Tikal kabarinsa ce. Masu tono na Jami'ar Pennsylvania sun same shi a 1962, kwance cikin sarƙoƙin koren dutse mai daraja, tare da ƙasusuwa da aka yi wa zane mai laushi, ɗaya yana nuna kwalekwale da matuƙansa suna kai wani lahira. In ka tsaya a gaban ginin, ka san sunan mai shi, ka san ubansa, ka san ɗansa da ya gaje shi.

Cicen Itza ba ta ba da wannan. Rubutunta kaɗan ne, yawancinsa daga ƙarni na 9, har yau masana na gardama a kan ko sarki ɗaya ne ya mulke ta ko majalisar manya. Abin da take da shi a madadin haka shi ne cuɗanya. Ginshiƙanta da mayaƙan da aka sassaƙa a jikinsu da gunkin nan da ke kishingiɗe da kwano a ciki suna kama ƙwarai da na Tula, wani birni mai nisan fiye da kilomita 1,000 a tsakiyar Meksiko. Tana da tashar jiragen ruwa a tsibirin Cerritos, tana kusa da inda ake haƙar gishiri a gaɓar teku, kuma daga rijiyar bauta an fito da zinariya wadda asalinta ya kai har Panama. Birnin fatake ne da masu ziyarar bauta. Wanda sha'awarsa ciniki ce da yadda al'adu ke gauraya, kamar mai nazarin hanyoyin Sahara, zai ji daɗinta. Sai dai ya sani cewa abin da yake gani fuska ɗaya ce ta Maya, ta ƙarshen zamani, wadda ta sha ruwan baƙi.

Ta fuskar abin da ido ke gani nan take, ba zan rage wa Cicen Itza haƙƙinta ba. Dalar Kukulkan, maciji mai gashin tsuntsu, tana tsaye ita kaɗai a tsakiyar fili, tsayinta kusan mita 30 har da ɗakin da ke samanta. Kowace fuska tana da matakala 91, fuska huɗu 364, a haɗa da dandamalin sama ya zama 365, adadin kwanakin shekara. A watan Maris da Satumba, lokacin da dare da rana suke daidaita, inuwar la'asar kan sauka a gefen matakalar arewa kamar maciji yana gangarowa, ya haɗu da kan macijin dutse da ke ƙasa. In ka tsaya gaban matakalar ka tafa hannu sau ɗaya, amon da zai dawo maka kamar kukan tsuntsu ne. Kusa da nan akwai filin ƙwallo mafi girma a duk yankin, mita 168 a tsaye, 70 a kwance, da zoben dutse can sama a jikin bango. Ƙwallon roba ce mai nauyi, da ƙugu ake bugun ta. Sai gini mai zagaye da ake kira Caracol, wanda tagoginsa suka dace da mafitar tauraron nan da mu muke kira Zara da yamma, Gamzaki da asuba. A cikin awa uku za ka ga duk waɗannan, ƙasa shimfiɗe, hanya a share. An daɗe da hana hawa dalar.

Tikal ba ta nuna kanta haka da sauri. Tana cikin gandun daji mai faɗin kusan murabba'in kilomita 575, kuma daga gini zuwa gini tafiya ce a ƙarƙashin bishiyoyi, wani lokaci minti ashirin. Tudun da ka wuce yanzu mai itatuwa a kai wataƙila gida ne ko ɗakin bauta da ba a tone ba. A bakin hanyar shiga akwai wata ƙatuwar bishiya da Bahaushe zai gane tun daga nesa: rimi ce, irin namu sak, da saiwoyinta masu kama da bango. Maya suna ɗaukar ta a matsayin bishiyar da ta haɗa sama da ƙasa da lahira, kuma ita ce bishiyar ƙasar Gwatamala a yau. Masu zuwa da asuba kan hau matakalar katako zuwa saman Gini na Huɗu, mai tsayin kusan mita 70, wanda aka kammala wajen 741. Ana zama a kan dutse cikin duhu, a yi shiru. Kafin gari ya waye sai birai masu ruri su fara, muryarsu kamar ta zaki, daga wannan gefen kurmin wani gefen ya amsa. Hazo na janyewa sai kawunan dalolin su ɓullo ɗaya bayan ɗaya a saman ganye. A nan ne mutum yake gane girman abin da daji ya haɗiye. Binciken da aka yi da na'urar haske daga jirgin sama, wanda aka bayyana a 2018, ya nuna gine-gine sama da 60,000 a ƙarƙashin kurmin Peten, har da gonakin tudu da magudanai da ganuwa.

Yanzu ga inda nake da ƙorafi a kan duka biyun. Yawancin abin da ake kai baƙo ya gani na sarakuna ne da malaman bauta. Talakan Maya manomi ne, gidansa na kara da yumɓu da jinka ne, a kan ɗan dandamali, ɗakuna uku ko huɗu suna kewaye da tsakar gida ɗaya, dangi a haɗe. Mamatansu a ƙarƙashin daɓen gidan suke binne su. Abincinsa masara ce da wake da kabewa da barkono, yana kiwon talotalo da ƙudan zuma marasa harbi. Matar gida takan jiƙa masara a ruwan farar ƙasa ko toka ta tafasa, ta wanke, ta durƙusa a dutsen niƙa, kuma wannan jiƙon shi ke fito da amfanin da ke cikin ƙwayar. Masarar da muke gasawa a bakin titi da damina daga wannan ɓangaren duniya ta zo mana, haka barkonon miyarmu. Manya kuma suna shan 'ya'yan koko, wanda ake cakulan da shi, a niƙa a dama da barkono a yi ta juyawa daga ƙoƙo zuwa ƙoƙo har ya yi kumfa. A zamanin baya 'ya'yan kokon sun zama kuɗi a kasuwa, kamar wuri a wajenmu. A wannan fanni Tikal ta ɗan fi, domin masu bincikenta sun auna dubban dandamalin gidaje, kuma kana tafiya kana ratsa unguwanninsu. A Cicen Itza filin da aka share ya fi ba da hoton fada.

Wanda rayuwar talaka ce kaɗai ta dame shi, akwai wuri na uku da ya fi su duka, ko da yake ba birni ba ne. Joya de Cerén ƙauye ne a El Salbado da tokar dutse mai aman wuta ta binne wajen shekarar 600. Motar tura ƙasa ce ta tono shi bisa tsautsayi a 1976. Mutanen sun samu sun gudu, ba a sami gawa ko ɗaya ba, amma sun bar komai: wake a tukunya, tabarmar kwana a naɗe, wuƙaƙen baƙin dutse a soke cikin jinka inda hannun yara ba zai kai ba, gonar masara da kunyoyinta, har da gonar rogo. Malamin da zai koyar da yara yadda Maya suka rayu, da wannan ƙauyen ya kamata ya buɗe darasi.

Akwai maganar da ba ta da daɗi amma dole a yi ta. Maya sun bauta wa gumaka, sun kuma yi hadaya da mutane, kuma Cicen Itza ba ta ɓoye wannan. A bangon filin ƙwallo akwai hoton ɗan wasa da aka sare wa kai, ga wani dandamali da aka sassaƙa ƙoƙunan kai jere a jikinsa. Edward Thompson, wanda ya yashe rijiyar bauta daga 1904, ya fito da turare da kayan ado da ƙasusuwan manya da yara. A 2024 aka fitar da sakamakon binciken ƙwayoyin gado na yara 64 da aka samu a wani rami kusa da rijiyar: duk maza ne, da yawa 'yan uwan juna, har da tagwaye biyu-biyu. Ban karanta wannan ba tare da jikina ya yi sanyi ba. Wanda zai je da ƙananan yara ya shirya abin da zai faɗa musu. Binciken ya kuma nuna cewa Mayan da ke zaune a yankin yau jinin mutanen can ne. Maya ba su ƙare ba: miliyoyi ne, suna magana da harsuna kusan 30, kuma mai sayar maka da zane a bakin ƙofa mai yiwuwa da harshen Maya yake magana da matarsa.

Batun tafiya kuwa, Cicen Itza ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Tana da nisan kusan kilomita 120 daga birnin Merida, kusan 200 daga Kankun, birnin 'yan yawon buɗe ido da ke gaɓar teku, hanya mai kyau, ga jirgin ƙasan da aka buɗe a ƙarshen 2023 yana da tasha a wurin. Sauƙin ne ya jawo mata cunkoso. Tun da aka sa ta cikin sababbin abubuwan al'ajabi bakwai na duniya a 2007, baƙinta kan haura miliyan 2 a shekara. Da hantsi motocin Kankun ke isowa, 'yan tireda sun jeru a kowace hanya, rana na dukan ka a filin da ba inuwa. Dabarar ita ce ka kwana a Valladolid, garin da ke kusa, ka kasance a ƙofa da ƙarfe 8 na safe. Tikal sai ka fara sauka a babban birnin Gwatamala, ka sake hawa ƙaramin jirgi na kusan awa ɗaya zuwa Flores, garin da ke kan tsibiri a cikin wani tafki, ko ka kwana a mota, sannan ka yi tafiyar kilomita 65. Tana son kwana biyu, takalmi mai ƙarfi, maganin sauro da ruwa a jaka. Mai ciwon gwiwa ko dattijo zai sha wuya. Flores kanta tarihi ce: a kan wannan tsibirin ne masarautar Maya ta ƙarshe mai cin gashin kanta ta tsaya, sai a 1697 Sifaniyawa suka ci ta. A duka wuraren biyu daga Disamba zuwa Maris ya fi daɗi. Musulmi ya kula da abinci, musamman a Yukatan, inda shahararren girkinsu naman alade ne, kuma ana yawan sa kitsensa a wake da ƙullin masara. A tambaya kafin a ci. Biza kuma ƙasa biyu ce, doka biyu, a bincika tun kafin a sayi tikiti.

Abin da na ce wa ƙanina shi ne ya je Tikal. Matashi ne mai ƙafa, yana da kwana biyar, kuma abin da yake nema shi ne ya fahimci mutanen, yadda suka tara ruwa, suka yi noma a kurmi, suka rubuta sunayen sarakunansu na tsawon wajen shekara 600. Da kwana ɗaya kawai yake da shi, ko da mahaifiyarmu zai tafi, ko kuma hankalinsa ya fi karkata ga taurari da lissafin kwanaki, da Cicen Itza zan ce, ba tare da wani jinkiri ba. Haka zan ce wa malamin firamare mai neman abin da zai kama hankalin yara a darasi ɗaya, domin matakala 365 da inuwar maciji ba sa fita daga kan yaro. Ɗalibin jami'a mai neman abin rubutu kuwa ya ɗauki Tikal, inda shekaru da sunaye suke a jere, yana da abin kamawa.

Na roƙe shi abu ɗaya. In ya isa tsakiyar garin, bayan ya gama kallon dalolin, ya tambayi ɗan rakiya ya kai shi bakin tafkin fada, wanda yanzu kwari ne cike da itatuwa, yawancin baƙi suna wuce shi ba su sani ba. Ya tsaya a kan madatsar ya ɗauko mini hotonta.